Ta Goma Sha Biyu

Tun kafin ƙararrawar coci ta buga na bar gari,
kwalabe arba'in suna karo da juna a bayan mota,
kowacce da lambarta, kowacce da ƙishin jini.
Hanyar Barbagia ba ta san miƙewa ba,
ta nannaɗe dutse kamar igiya a ƙahon rago.

A ofis akwai taswirar Sardiniya a bango.
Duk inda zazzaɓin aladu ya sauka, sai mu kafa jar ƙusa.
Bara na kafa bakwai da hannuna.
Ƙusa ba ta da nauyi,
amma ƙarƙashin kowacce akwai rami da farar ƙasa
da wani magidanci a tsaye, hularsa a hannu.

Bachisio ya tarbe ni a bakin shinge.
Bai ce sannu ba, ya ce, "Gavina 'yar Efisio,
yau kuma hukuma ce ta aiko ki ƙidaya?"
Na tsoma takalma a ruwan magani, na sa safar hannu.
Takarda ta ce goma sha ɗaya.
Na bi kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, lamba ta dace da lamba,
na soka allura a wuya, suka cika kwari da ihu,
kwalabe goma sha ɗaya suka yi ja.

Sai dai laka ba ta iya ƙarya ba.
Ga sawu ya fita ta ƙarƙashin waya,
ya nufi kurmi, ya dawo, ya sake fita,
ga kuma komi ɗaya can waje, a lashe tas.

Ban ce komai ba. Shi ma haka.
Iska ta kaɗo 'ya'yan itace a kan rufin kwano.
Na tuna da kuɗin alade aka saya mini littafin farko,
ubana ma ya iya ɓoye abu a daji
ranar da masu farar riga suka hau dutse.

Na ce, "Baba, makon jiya maharba sun kawo mini saifa
ta aladen daji da suka tsinci mushensa a bakin rafi.
Ta kumbura, baƙa ƙirin, tana narkewa a yatsa.
Rafin nan ne, wanda ke bi ta bayan gonarka."

Ya daɗe yana kallon takalmansa.
Sannan ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito.

Ta fito daga duhun itatuwa ba gaggawa,
tsohuwa, kunne ba lamba, nono na jan ƙasa,
'ya'ya shida a bayanta,
kowanne da zane a gadon baya kamar an ja da gawayi.
Zanen ya tona asirin ubansu:
babu shingen da ya taɓa riƙe shi,
babu rajistar da ta san da zamansa.

"Matata ce ta rene ta da kwalbar madara," in ji shi,
"a shekararta ta ƙarshe."
Ya durƙusa ya rungume wuyanta da kansa,
yana mata magana ƙasa-ƙasa da harshen mutanen dutse.
Ko motsi ba ta yi ba da allura ta shiga.

Na rubuta goma sha biyu, na ƙara shida a ƙasa.
Alƙalamin ya yi mini nauyin gatari.
Tara za ta zo, wannan ba makawa.
Sauran yana hannun masu gwaji a birni,
kwana huɗu, wataƙila biyar.

Da zan tafi ya miƙo mini cuku a ƙunshe,
ba toshiyar baki ba, ba kuma yafiya ba.
Na wanke tayoyi, na ja ƙyaure.

Yanzu dare ya yi, ni kaɗai a ofis.
Kwalabe suna cikin sanyi, sun ƙi cewa uffan.
Jar ƙusa tana tsakanin yatsuna, ina jujjuya ta.
Na kai ta jikin bango, na fasa,
na jefa ta aljihu.
Duk tsawon hanyar gida tana sukata a cinya.